Yawon Sallah: Kada A Bar Yaro Mai Emasi A Gida

Washegarin Sallah, da misalin ƙarfe uku na rana, akwai wata gardama da ake maimaitawa a gidaje da yawa, daga Yamai har Damagaram. Yara sun yi wanka, sun sa sabbin kaya, kowa ya ƙirga kuɗin barka da Sallar da ya tara, an taru a zaure ana shirin tafiya wurin wasa. Sai uwa ta dubi ɗaya daga cikinsu ta ce: "Kai dai zauna, za su kawo maka tsaraba." Yaron ya ce: "Inna, yau fa ba inda ke mini ciwo." Ta ce: "Na sani. So nake a kwana a haka."

Yaron nan yana da emasi, wato amosanin jini, cutar da a Najeriya ake kira sikila. Uwar kuma ba mugunta ce ta sa ta hana shi ba. Ta taɓa kwana kan tabarma a barandar asibiti tana jin kukansa, ta taɓa bin dangi ɗaya bayan ɗaya ana neman mai ba da jini, ta san nawa takardar magani guda ke ci. Wanda bai taɓa ganin irin wannan dare ba, bai kamata ya yi saurin ganin laifinta ba.

Duk da haka, hukuncin nata yana buƙatar a sake dubawa. Yaro mai emasi, a ranar da jikinsa ke da kyau, yana iya zuwa wurin wasa ya dawo lafiya lau, muddin an shirya fitar. Shirin kuma bai tsaya kan uwa ita kaɗai ba. Masu wuraren wasa da hukumomin birane suna da nasu kason, wanda ba a cika tambayarsu a kansa ba.

Maganar ba ta gidaje ƙalilan ba ce. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2021 mutane miliyan 7.74 ne ke rayuwa da wannan cuta, an kuma haifi jarirai kusan 515,000 da ita a shekarar kaɗai, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. A Nijar, sama da mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da ƙwayar gadon cutar ba tare da yana ciwo ba. Idan masu jinin AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ke nan a duk wani taron yara na ranar Sallah, ko a gidan tarihi na ƙasa Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, inda yara ke zuwa kallon zakuna da dorina, ko a ƙofar fadar Sarkin Damagaram wajen kallon hawa, ko a filayen da ake kafa lilo a Maraɗi da Tawa, da wuya a rasa mai emasi a ciki. Waɗanda ba a gani ba kuwa suna gida, suna jiran tsaraba.

Inda haɗarin yake

Iyaye da yawa suna tsoron lilo ne da injunan da ke juya yara sama. Amma wanda ya fahimci yadda cutar take aiki zai ga cewa babban haɗarin yana faruwa tun kafin yaro ya hau komai.

Ƙwayar jinin mai lafiya tana da laushi, tana lanƙwasawa ta ratsa ƙananan jijiyoyi, tana kuma rayuwa kusan kwana 120. Ta mai emasi ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake. Idan ruwan jiki ya ragu, ko iskar da jini ke ɗauka ta yi ƙaranci, sai ƙwayar ta ƙage ta koma kamar lauje, ta toshe hanya. Daga nan ciwon ƙashi yake tasowa. Abubuwan da aka fi sani suna tayar da shi su ne ƙishirwa, zafi mai tsanani, sanyi na ba-zata, gajiya fiye da kima da zazzaɓi.

Sai a duba ranar wasa yadda take. Tun da kalandar Musulunci tana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, a ƴan shekarun nan sallolin biyu suna faɗowa ne cikin bazara: a 2025 an yi ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris, babbar kuma a farkon Yuni. A wannan tsakani zafi a Yamai yakan haura digiri 40. Yaro ya fito cikin shadda mai kauri da sabon takalmi mai matse ƙafa, ya yi tafiya mai nisa ko ya hau adaidaita cikin cunkoso, ya tsaya layin tikiti, ya sake tsayawa layin shiga, ya sake tsayawa layin lilo. Lilon kansa minti biyu ne ko uku. Tsayuwar cikin rana kuwa tana iya cin awa guda. A nan ne jikin yaron yake ƙarewa, ba tare da kowa ya lura ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Ƙodar mai emasi ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran yara, saboda haka yana yawan fitsari, yana kuma bushewa da sauri. Idan wurin wasa ba shi da makewayi mai tsabta, yaron da kansa zai daina shan ruwa don kada fitsari ya matsa masa, musamman yarinya da ta fara girma tana jin kunya. Rashin makewayi a wajen wani yaro takura ce kawai. A wajen mai emasi yana iya ƙarewa da kwanciya asibiti.

Shirin da ke kan iyaye

Shiri yana farawa tun kafin Sallah. Duk gidan da ake bin yaro a asibiti, ko a cibiyar ƙasa ta kula da masu emasi da ke Yamai ko a wajen likitan yara a jiha, ya kamata a yi tambayar kai tsaye a ziyarar ƙarshe kafin biki: yaron nan zai iya fita wasa, kuma me zai guje wa? Amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Wanda saifarsa ta kumbura bai kamata ya shiga inda ake karo da juna ba, kamar ƙananan motocin da ke buga juna ko ɗakin tsalle na roba da yara suka cika. Wanda ciwon ya taɓa masa ƙugu, tsalle-tsalle ba nasa ba ne. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, likita ne kawai zai faɗi ko zai iya hawa injin da ke fizga da gudu. Sauran wasanni masu sauƙi, da kallon dabbobi, da lilo mai tafiya a hankali, ba su da wata illa ga yawancin waɗannan yara.

Sai zaɓen lokaci. Ba dole ba ne a fita a ranar da gari duka ya fita, ba dole ba ne kuma a fita da tsakar rana. Da hantsi kafin rana ta take, ko bayan la'asar sakaliya, ko ma kwana na uku da cunkoso ya ragu, wasan ɗaya ne, wahalar ce ta bambanta. Awa biyu masu daɗi sun fi yini guda da zai ƙare da kuka.

Kayan tafiyar ba su da tsada: gorar ruwa babba wadda ba ƙanƙara ce zalla ba, hula ko laima, tufafi marasa nauyi da ba sa matse jiki, takalmin da ƙafa ta saba da shi, maganin ciwon da likita ya rubuta, da karnen asibiti ko hotonsa a cikin wayar salula, inda aka nuna rukunin jininsa da magungunan da yake sha. A ba shi ruwa tun daga gida, a ci gaba da ba shi yana kurɓa lokaci zuwa lokaci, kada a jira sai ya ce yana jin ƙishirwa. Launin fitsari ma'auni ne da kowace uwa za ta iya dubawa: in ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan. Bayan kowane wasa ɗaya ko biyu a nemi inuwa a zauna. Idan wurin yana da tafkin wanka, a tuna cewa faɗawa ruwa mai sanyi da jiki mai gumi yana daga cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ciwo. In an bar shi ya shiga, ya zama na ɗan lokaci, a goge masa jiki nan take a sauya masa kaya. Haka ma shiga ɗaki mai na'urar sanyaya iska kai tsaye daga rana.

Amma duk wannan shiri banza ne idan wanda ya raka yaron bai san komai ba. Al'adar yawon Sallah ita ce a haɗa yaran gida a damƙa su ga babbar yaya mai shekara 13 ko 14, ko ga wani kawu da ya zo hutu. Sau da yawa ba a gaya musu gaskiya, domin gidaje da dama suna ɓoye cutar, suna tsoron surutun unguwa da abin da zai biyo baya ranar da za a nemi auren ƴaƴansu. Wannan ɓoyon yana da tsada. Yarinya ƴar shekara 13 ba za ta gane cewa ƙanenta da ya yi shiru ya jingina da bango yana cikin haɗari ba. Mai emasi yana buƙatar babban mutum da ya san halinsa, yana da kuɗin abin hawa a aljihu, ya kuma san asibitin da ya fi kusa.

Wannan babban ya san alamomin da ba a jira da su. Zazzaɓin da ya kai digiri 38.5 a jikin mai emasi maganar asibiti ce nan take, domin saifarsa ba ta kare shi daga ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, kuma a shafa masa farasitamol a koma gida ba magani ba ne. Haka ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar magana, ciwon kai mai tsanani, farin tafin hannu da idanu haɗe da kasala ta farat ɗaya, kumburin ciki ta ɓangaren hagu, da miƙewar gaban yaro namiji mai ciwo da ta ƙi kwantawa. Idan ciwon ƙashi ne ya fara, a kai shi inuwa, a ba shi ruwa da maganinsa, a ɗumama wurin da ke ciwo. Kada a ɗora ƙanƙara, ita ƙara tsananta shi take yi. In bai lafa ba, sai asibiti.

Gaskiya ce kuma akwai ranar da amsar ita ce a'a. Yaron da ya tashi da zazzaɓi, ko gudawa, ko tari, ko wanda bai daɗe da fitowa daga ciwo ba, zamansa a gida shi ne daidai. Bambancin shi ne a faɗa masa dalili, a kuma sa masa wata rana, a cika alkawarin. "Yau jikinka da zafi, ranar Asabar za mu je" magana ce da yaro zai iya ɗauka. "Kai ba ka fita" kuwa, in aka maimaita ta Sallah goma a jere, tana koya masa cewa shi ba kamar sauran mutane ba ne. Da kulawar da ake samu yanzu, daga rigakafi da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro zuwa magungunan da ke rage yawan tashin ciwon, masu emasi da yawa suna girma, suna karatu, suna aiki, suna aure. Wanda zai rayu da cuta har tsufansa yana buƙatar ya koyi sarrafa jikinsa cikin mutane tun yana ƙarami: yaushe zai sha ruwa, yaushe zai zauna, yaushe zai ce ya isa. Ba a koyon wannan a ƙuryar ɗaki.

Kason masu wuraren wasa

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta tanadi haƙƙin hutu da wasa ga kowane yaro a sashenta na 31, ba ta ware marar lafiya ba. Duk wanda ya buɗe wuri yana karɓar kuɗin yara, to ya karɓi kuɗin masu emasi, da masu fuka, da masu farfaɗiya, da masu ciwon suga, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ake nema a wajensa bai kai kuɗin injin lilo ɗaya ba. Rumfa ko tanti a kan layi. Benci a inuwa. Ruwan sha a farashin gari, da barin yaro ya shiga da gorarsa, domin hana shiga da ruwa don a sayar da na ciki ciniki ne da lafiyar yara. Makewayi mai tsabta, na mata daban. Malamin asibiti guda da akwatin agajin gaggawa a ranakun biki, da hanyar fita da ba a toshe ta da masu talla da babura ba. Allo a gaban kowane inji da ke faɗin, cikin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, wanda bai kamata ya hau ba. Sai kuma abu mafi muhimmanci: hanyar da yaro mai takardar likita zai kauce wa tsayuwa cikin rana.

Wannan na ƙarshe ba sabon abu ba ne a duniya. A Disneyland ta kusa da birnin Paris, wadda aka buɗe a 1992, akwai kati na musamman ga masu doguwar jinya, ana bayar da shi bisa takardar likita. Mai katin ba tsallake kowa yake yi ba: ana ba shi lokacin da zai dawo, ya je ya jira a zaune, in lokacin ya yi ya shiga. Wannan dabara ba ta buƙatar kwamfuta. Takarda da biro da mai tsaron ƙofa da aka yi wa bayani sun isa a yi ta a Maraɗi.

Masu wuraren za su ce mutane za su yi ha'inci, kowa ya zo da takardar ƙarya. Wannan damuwa tana da tushe. A Amurka ma kamfanin Disney ya tsaurara sharuɗɗan irin wannan tsari a 2024, ya taƙaita shi galibi ga masu larurar da ta shafi haɓakar ƙwaƙwalwa, abin da ya jawo koke daga iyalan masu wasu cututtukan. Amma tsarin ba da lokacin dawowa yana rage kwaɗayin ha'inci, tun da mai takarda bai riga kowa shiga ba, wurin jiransa ne kawai ya sauya. In ma wasu ƴan ƙalilan sun yi dabara sun samu inuwa, asarar ba ta kai ta yaro guda da aka ɗauka ranga-ranga daga layi ba.

Hukumomin birane su ne ke ba da izinin kafa waɗannan wurare, musamman na wucin gadi da ke fitowa lokacin biki. Ba abin da zai hana su sa inuwa, ruwa, makewayi da malamin asibiti cikin sharuɗɗan izinin, su kuma tura a duba kafin a buɗe ƙofa. Ƙungiyoyin masu emasi, waɗanda ake jin muryarsu kowace ranar 19 ga Yuni, ranar yaƙi da cutar ta duniya, suna iya ɗaukar wannan a matsayin buƙata guda mai sauƙin aunawa, su kai ta gaban hukumomin birane kafin Sallah mai zuwa.

Ga mazauna ƙetare

Ƴan Nijar da ke zaune a Faransa, Beljiyam ko Amurka suna da nasu nau'in matsalar. A can sanyi ne babban abokin gaba: layi a waje cikin hunturu, iska mai kaɗawa a saman inji, da wasannin da ke watsa wa mutum ruwa ya yini da jiƙaƙƙun kaya. Dokokin wuraren kuma suna sauyawa, wasu suna neman takardar likita ta kwanan nan, wasu suna son a yi rajista tun kafin ranar, saboda haka a karanta sharuɗɗan kafin a sayi tikiti. Masu kawo yara gida hutu su tuna cewa iskar cikin jirgin sama a bushe take kuma ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, sannan yaron da ya tashi a Turai bai saba da zafin Sahel ko zazzaɓin cizon sauro ba. A ga likita kafin tafiya, kuma kada washegarin sauka ta zama ranar wurin wasa.

Masu aiko da kuɗin Sallah kuwa suna da damar da ba su cika amfani da ita ba. Kawun da ke aiko da kuɗin shadda da rago zai iya ware ƴan jakkuna ya ce na abin hawa ne da ruwa da tikitin babban da zai raka mai emasi. Sau da yawa abin da ke sa uwa ta ce a zauna shi ne lissafin cewa in wani abu ya faru, ba ta da ko kuɗin taksi. In aka sauke mata wannan nauyi, rabin tsoron ya tafi.

Rabin da ya rage, sani ne ke maganinsa. Uwar da ta yi magana da likita, ta cika gora da ruwa, ta sa karne a jaka, ta kuma tabbata akwai inuwa da makewayi a inda za a je, tana da wata amsar da za ta bayar a zaure. Idan yaron ya ce, "Inna, yau ba inda ke mini ciwo," sai ta taɓa goshinsa, ta dubi idanunsa, ta ce: "To, bari rana ta yi sanyi. Ni da kaina zan kai ka."